Zaɓin Mai Muzuru

Ana gab da magariba Auta ta sauka daga tasi a bakin wani layi, kejin kyanwa a hannu, ga tsohon ciki tana turawa.

Kiwon kuliyoyi masu asali ne sana'arta, irin masu dogon gashi da gajeren hanci, waɗanda ake yi wa wanka da rigakafi kamar 'ya'yan gata. Sai dai 'ya'yan da suke haifa mata ba sa rayuwa: ido ya yi ruwa, numfashi ya sarƙe, sai gawa. Likitan dabbobi ya ce jinin ne ya yi kusa, an yi ta haɗa wa da ƙanwa. Ta nemi muzurun wani gida ya yi wa farar kyanwarta barbara.

Yayarta kuwa, wadda ta koya mata sana'ar, ko ɗaya daga cikin nata bai taɓa mutuwa ba. Shekara da shekaru Auta na roƙo ta gaya mata inda take kai nata, Yaya na yi mata hanya-hanya. Ranar nan sai ga ta ta kira da kanta, baki kamar zuma.

"Autar Mama, in ban yi miki ba wa zan yi wa? Gidan ƙarshe, mai koren ƙyaure. Ba sa karɓar ko sisi, zaɓi suke yi cikin abin da aka haifa, kamar yadda masu muzuru suka saba. Ke dai ki buɗe kejin da hannunki."

Baiwar Allah, Auta har da ƙwallar daɗi ta yi.

Layin tsit yake. Babu yara, babu ƙarar rediyo. Tun kafin ta kai ƙyauren warin fitsarin muzuru ya tare ta, haɗe da ƙaurin gashi. Kyanwarta, wadda ta kwana uku tana kukan neman namiji, ta yi ɗif.

Wani dogon tsoho ya buɗe kafin ta buga.

"Ƙanwar ce," ya ce cikin raɗa. "Shigo."

Ɗakin fes yake, an jera kwanonin madara a gindin bango. A bayan kowane kwano kyanwa na zaune, gashi na sheƙi. Auta ta san aikinta: ta dubi ido, babu kwantsa, ta dubi kunne, tas. Ba ta taɓa ganin lafiya irin wannan ba. Amma babu mai lashe jiki, babu mai kaɗa wutsiya. Duk cikinta suke kallo.

Muzurun na kan kujera, ƙato, ruwan toka.

"Baba, daga ina asalinsa?"

"Ya girmi tambayar. Buɗe."

Ta durƙusa da ƙyar, ta ɗora yatsa a kan sakatar kejin. Sai wata kyanwa a kusa da ita ta yi tari. Tarin yaro. Ta yi hamma, Auta ta ga cikin bakin.

Haƙoran mutum ne, ƙanana, har da giɓi a gaba.

Abin da ke cikinta ya harba da ƙarfi.

"Me kuke zaɓa?" in ji Auta.

"Ba ta gaya miki ba?" Tsohon bai ɗaga murya ba. "Mu ba 'yan kyanwa muke ɗauka ba, ɗan mai kyanwa muke ɗauka. Yayarki ta daɗe tana cin moriyar muzurun nan. Da lokaci ya yi muka nuna ɗanta. Ta ce mu dakata, tana da ƙanwa mai ciki."

Ba tsoro ne ya fara kama Auta ba, baƙin ciki ne. Matar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta shafa wannan cikin tana yi masa wasa!

"Da hannunki," in ji tsohon. "Mu ba ma ƙwace."

Muzurun ya sauko. Takunsa da nauyi, kamar na ƙaton mutum.

Ta janye yatsanta. Ta rungume kejin a ƙirji, tana a'uziyya.

Kuliyoyin suka miƙe gaba ɗaya.

Ta ja da baya. Ƙyauren ya fara rufuwa da kansa. Ta sa kafaɗa, ya kama mayafinta, ta bar masa. Numfashi mai zafi na bin dunduniyarta har bakin titi, inda fitilar wata mota ta haske ta.

Tun daga ranar ta bar kiwo. Farar kyanwar kaɗai ta riƙe, ita ma ba ta sake neman namiji ba.

Auta ta haihu lafiya, ɗa namiji. A makon ne ɗan Yaya ya fita ɗauko ƙwallo, ba a sake ganinsa ba.

Yaya ta zo asibiti, ta rame, ido ya faɗa. Auta ta jawo jaririn jikinta, tana jira ta ji ko kalma ɗaya ta neman gafara. Yaya ta daɗe tana kallon yaron, sannan ta ɗago.

"Nawa ya yi wayo, ya san ni," ta ce. "Naki ko fuskarsa ba ki gani ba a lokacin. Da kin buɗe, me zai rage ki da shi?"