Tsohuwa Da Masu Awon Dutse

A wani zamani can baya, an yi wata tsohuwa mai kiwon awaki a gindin wani dutse. Ita ce ke raka baƙi zuwa samansa.

Wata rana masu awo biyu suka zo auna dutsen. Na farko ya auna daga bakin rafi, ya ce tsawon dutsen kamu dubu ne. Na biyu ya auna daga kan tudu, ya ce ɗari bakwai ne, har ya zana taswira mai gajeriyar hanya zuwa samansa, ya kai wa dagacin garin.

Dagaci ya ce, "Iya, daga yau wannan hanyar za ki bi da baƙi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba zan bi ba. Akwai kwazazzabo a wurin."

Ya ce, "Takarda ba ta nuna shi ba."

Ta ce, "Akuyata ta faɗa cikinsa bara. Ba zan bi ba."

Dagaci ya hana ta raka kowa. Ta ce ta ji, amma ba za ta bi ba.

Mai taswira ya fusata, ya hau shi kaɗai. Da azahar ya dawo yana ɗingishi, ya durƙusa gabanta da sabuwar takarda, ya ce, "Iya, ta ina ake farawa?"

Ta ɗauki sandarta, ta shige gaba.