Faifai Mai Taga Biyu

Rana ta yi ja, kaji sun fara neman makwanci, sai ga Dakta ya shigo gida rungume da kwali. Aikinsa auna haske ne a ɗakin gwaje-gwaje, kuma shi aka ɗora wa zaɓen na'urar da za a saya. Wani faifan ƙarfe ne mai tagogi a gefe, idan yana juyawa sai ya riƙa sara haske gunduwa-gunduwa don a iya ƙirga shi. Uku aka ba shi ya gwada: mai taga biyu, mai goma, da mai ɗari. Mai biyun ko kallo bai ishe shi ba, wai tafiyar hawainiya yake yi.

Gwajin duhu yake so, don haka ya ɓalle kwaɗon ɗakin ajiyar da ya shekara bakwai a rufe. Matarsa ta ce ya bari magariba ta wuce tukuna. Ya ce haske bai san magariba ba. Mutumin nan ko bismilla bai yi ba, bare sallama. Ya ɗaura mai ɗarin, ya kunna jan haske siriri kamar zare, faifai ya hau kuka. Auta, 'yarsu mai shekara goma sha uku, tana bakin ƙofa tana kallo.

Tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Sai wata. Sannan shiru, irin shirun da ke sa mutum ya ji numfashinsa.

Da ya waiwaya, idanun Auta na ƙiftawa ba tsayawa, daidai da gudun faifan. Ya kashe na'ura, idanu suka ci gaba.

Kwana uku ana abu ɗaya. Kullum da magariba sai jifa, sai muryar mace a ɗakin ajiya tana kiran wani. Likita ya duba ya ce bai ga komai ba. Auta kuwa ta fara laluben bango, ranar na uku ta kasa gane fuskar uwarta. Dakta ya tsorata, tsoron da bai taɓa ji ba, shi da kansa ya je ya ɗauko malamin ruƙiya.

Malam bai yi gaggawa ba. Ya zauna, ya daɗe yana karatu a kunnen Auta, har jikinta ya sanƙare. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsohuwa ce, a dishe.

“Shekara bakwai muna zaune ba mu taɓa ku ba. Ɗana yana ƙetare ɗaki wannan ya daddatsa mana duhu. Yana nan maƙale tsakanin tagogin ƙarfensa. Ni ba na ganin nawa, shi ma tasa ba za ta gan shi ba.”

Malam ya ce idon yarinya ba abin fansa ba ne, ta ji tsoron Wanda ya halicce su duka. Ta ce to a bar mata ido ɗaya. Ya ɗaga murya da karatu har ta yi ƙara, sannan ya tambaye ta abin da zai fitar da ɗan. Ta ce a sake juya duhun, amma da faɗin da zai iya wucewa.

Malam ya dubi Dakta. “Wannan kuma fanninka ne.”

Dakta ya tono mai taga biyun daga ƙasan kwali, ya kai shi ɗakin ajiya. Ya yi sallama, ya yi bismilla, ya kunna jan hasken, ya ƙi jona faifan da wuta, ya riƙa juya shi da ɗan yatsa. Haske, duhu mai tsawo, haske. A juyi na bakwai wani sanyi ya gifta ta bayan hannunsa. Auta ta yi atishawa sau uku, ta buɗe ido, ta ce Mama me ya sa kike kuka.

A wurin aiki mai taga biyun ya rubuta a saya. Abokan aikinsa suka yi ta tsiya, wai Dakta ya tsufa har gudu ke ba shi tsoro.

Da yamma Auta tana wanke kwanuka, ba tare da ta ɗago kai ba ta tambaye shi wanne ya zaɓa. Ya faɗa mata.

“Ka kyauta, Baba,” ta ce. “Don can wurin aikinku tsohuwar da ɗanta suka koma.”