Fashi a Aji Huɗu

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya mutu!"

Yara casa'in da wani abu suka juyo suna kallon Soso. Ba wanda ya kwanta. Ina wurin kwanciyar? A ƙasa suke zaune tun safe, gwiwa na gugar gwiwa. Wata 'yar mitsitsiya a gaba ma dariya ta yi.

"Ɗan iska, ba nan ba ne!" Hedimasta, ogan 'yan fashin, ya finciko shi ta wuyan riga. "Aji huɗu na ce maka!"

"Oga, a zamaninmu nan ne aji huɗu."

"Zamaninku na banza! Wuce!"

Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na rana. Su uku ne a harabar makarantar, kowa ya rufe fuska da safar mata. Na huɗunsu, Birki, yana bakin ƙofa cikin tsohuwar bas, bai kashe inji ba, don in ta mutu sai an tura.

Soso shekararsa goma sha tara, sana'arsa goge gilashin mota a wurin danja. Daga nan ya samo sunan. Bai taɓa satar ko kaza ba sai yau.

Abin ya faro ne ranar da hukumar birni ta ce ta gaji da ganin yara a titi. Aka ɗauko ƙarti, aka sa musu riga rawaya, aka ba su mota da kulake. Duk mai talla ko gugar gilashi a damƙe shi, a ƙwace kayansa. In yaro ne a sauke shi a ƙofar makaranta, a ɗauki hoto. Kafin motar ta sha kwana ya haura katanga ya koma titi. Kayan kuwa suka yi ta taruwa har aka rasa wurin zubawa. Sai wani mai basira ya ba da shawara: a kwashe ɗaliban aji huɗu da na biyar a cusa su cikin sauran azuzuwa, a mayar da ɗakunan sito. Aka tafa masa.

A can kular Yaya take. Yayar Soso, wadda ta goya shi tun rasuwar uwarsu, ruwan sanyi take sayarwa, da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu. Ranar da 'yan rawaya suka fizge kular, har ƙasa ta durƙusa tana roƙo. Ɗayansu ya ce ta je ta yi karatu.

Shi ya sa da Hedimasta ya tara su a bayan wurin wankin mota, Soso bai yi dogon tunani ba. Hedimasta ya haura arba'in, ya yi zaman kurkuku sau biyu, jami'a yake kiran wurin.

"Wayoyi ne a ciki, katan-katan," in ji shi. "Duk waɗanda aka ƙwace daga 'yan kasuwar gada. Mai gadi ɗaya ne, kuma ya girmi katangar. Minti biyar mun fece."

"Bindiga fa?" Kwalba ya tambaya. Kwalba abokin Soso ne tun suna yawo ba wando, kayan wasan yara yake sayarwa a cunkoson motoci.

"Guda ɗaya ce, kuma tawa ce. Ku ɗauko irin wadda kake sayarwa."

"Oga, wannan ruwa take fesawa."

"Wa zai tsaya ya tambaya?"

Gaskiyarsa. Mai gadi bai tambaya ba, don bai ma farka ba.

Yanzu ga su a ƙofar aji huɗu. Kafin Hedimasta ya ɗaga ƙafa ya doki ƙofar, ta buɗe da kanta. Mai Sito, wani mai tumbi cikin riga rawaya, yana tsaye hannu a sama, makulli a tafinsa.

"Wayyo Allah, 'yan fashi," ya faɗa a hankali, kamar mai amsa gaisuwa.

Wari ya buge su. Lemo ya ruɓe a kusurwa, ƙuda ya yi baƙi a kai. Baro kan baro har rufi, farantan talla, bokitai, akwatunan masu gyaran takalmi. A jikin allo har yanzu akwai lissafin da aka bari ba a ƙarasa ba.

"Ina wayoyin?" in ji Kwalba.

Katan uku ne kacal a bayan ƙofa, an naɗe su da salatif. Hedimasta bai yi mamaki ba. Ya juya ya kwaɗa wa Mai Sito mari—tas!

"Haba, a hankali mana," Mai Sito ya yi raɗa yana dafe kunci. "Ba haka muka yi ba."

Soso ya ji. Amma idonsa ya riga ya sauka kan wata shuɗiyar kula mai murfi ɗaure da waya, can ƙarƙashin wani karyayyen baro. Ya nutsa cikin tarkacen ya jawo ta.

"Ku tsare mini harabar minti biyu," in ji Hedimasta, ya rungumi katan ɗin. "In na loda zan yi fito."

Abin da Soso bai sani ba: a bayan katanga, ƙarƙashin wata bishiya, motar 'yan sanda tana fake tun ƙarfe goma sha ɗaya. Motar da kullum ba mai, yau tankinta cike. Saje yana ɓarar gyaɗa yana duba agogo.

"Oga, an kira ne?" kurtun da ke tuƙi ya tambaya.

"An kira tun jiya. Bari bas ɗin can ta tashi tukuna."

A cikin haraba, Soso na fitowa da kula a ka, sai ya ji wata murya da bai taɓa mantawa ba.

"Kai! Zo nan."

Malama ce, wadda ta koyar da shi. Ta tsufa, ta rame, amma bulalar tana nan a hannunta.

"Hajiya, koma ciki! Fashi muke yi!"

"Na gani. Ba kai ne ƙanen mai ruwan sanyi ba?"

"Ba ni ba ne."

"Waɗannan kunnuwan? Shekara uku ina jan su, ko cikin buhu aka sa ka zan gane ka. Cire wannan ƙazamar safar, kana tsorata mini yara."

"Malama, don Allah—"

Inji ya yi ruri a bakin ƙofa. Ba fito, ba komai. Bas ta zabura, hayaƙi ya turnuƙe.

"Oga!" Kwalba ya kwasa a guje. "Oga, ku tsaya! Birki! Birki, uwarka!"

Jiniya ta tashi daga bayan katanga.

"Kwalba, yar da ita!" Soso ya ƙwalla. "Yar da bindigar!"

Bai ji ba. Ya fita ƙofa yana ɗaga hannu wa bas, abar wasan tana ƙyalli a rana.

Tau! Tau!

Yara suka ɓarke da ihu. Soso ya hango ƙafafun Kwalba a bakin ƙofa, silifas ɗaya ya fice. Sun motsa sau ɗaya. Shi ke nan.

Malama ta damƙi hannunsa. Ta fizge safar ta cusa a jakarta, ta ja shi cikin ajin da ya fara faɗawa ɗazu, ta tura shi can baya.

"Zauna. Ka rufe bakinka."

Ya zauna kan kular, hawaye na zuba ba sauti.

Saje ya shigo, bindiga a gaba. Ya bi ajin da kallo, ya tsaya a kan Soso.

"Wancan fa?"

"Ɗalibina ne," in ji Malama.

"Da gemu?"

"Maimaita aji yake. Ka san halin makarantun namu."

Wallahi saura kaɗan Saje ya juya. Sai 'yar mitsitsiyar nan ta gaba ta ɗaga hannu, kamar yadda aka koya mata.

"Yallaɓai, shi ne ya ce mu kwanta."

Da yamma rediyo ta ce wasu gaggan 'yan fashi sun yi awon gaba da wayoyi ɗari huɗu daga siton hukuma. A caji ofis Soso ya gane lissafin. Mai Sito ya daɗe da sayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ga masu bincike za su zo ƙarshen wata. Fashi yake nema, da gawa, da wanda za a nuna wa 'yan jarida. Hedimasta ya kawo masa duka uku.

Shi ma bai ci ba. Bayan kwana tara aka tsinci gawarsa a kwalbati, an ce Birki ne ya kashe shi, kan rabon ladan aikin. Birki har yau ba labari. Mai Sito ya samu ƙarin girma saboda marin da ya sha a bakin aiki. Malama aka yi mata ritayar dole. Uwar Kwalba sai da ta yi sati biyu tana zarya kafin a ba ta gawar ɗanta. Hukuma kuma ta ce abin da ya faru ya nuna yaran titi sun zama annoba, ta ƙaro motoci uku.

Ranar shari'a alƙali ya ɗaga wata takarda.

"Wannan bayaninka ne?"

"Haka suka ce, ranka ya daɗe."

"Ka karanta kafin ka dangwala?"

"Ban iya ba."

"An ce ka yi shekara shida a makarantar nan."

"Na yi, ranka ya daɗe. Kullum ina zuwa."

Wani ya yi dariya a baya. Alƙali bai yi ba. Ya rubuta shekara goma sha huɗu.

Da aka fito da shi zuwa motar fursuna, ya hango Yaya a bakin ƙofar kotu. Ba ta shiga ba, don ba za ta iya rasa cinikin yini guda ba. Bokitin aro ne a kanta, ɗan autanta a baya. Ta gan shi. Ta sauke bokitin, ta ɗauko ruwa ɗaya, ta nufo shi tana kiran sunansa na gida.

"'Yan rawaya!" wani ya yi ihu daga titi.

Ta tsaya cak. Ta kalle shi, ta kalli bokitin.

"Yaya, gudu!" in ji Soso.

Ta suri bokitin ta ruga, ɗan yana tsalle a bayanta. Gandiroba ya tura shi ciki ya ja ƙofa.