Raguna Ɗari Biyu a Gangaren Tishka

Guduma na hannun Ittu, tana bubbuga tayoyin motarta ɗaya bayan ɗaya tana sauraron amonsu, sai ta ji sanyin ƙarfe a ƙeyarta.

"Ajiye ta a hankali, Lalla. Kada ki waiwayo," in ji wata murya, da kiran girmamawar da ake yi wa mata a yankin.

Ta ajiye. Rana tsaka ce a saman dutsen Tishka, a filin da direbobin manyan motoci kan tsaya inji ya huce kafin su fuskanci gangare. Shekara tara tana tsayawa a nan, yau kuwa ita kaɗai ce a filin. A bayanta raguna ɗari biyu na kuka cikin tirela mai hawa biyu. Tun jiya ta ɗauko su daga Sattat za ta kai Zagora, saura kwana huɗu Babbar Sallah.

Su uku ne. Mai bindigar farautar da ke ƙeyarta sunansa Larbi, siriri ne. Babbansu Bushaib, dillalin dabbobi da kasuwa ta kora, ya ɓoye gajeren takobi cikin jallabiya. Na ukun ƙaninsa ne, Milud, direban tasi. Sati uku suna zaune a shagon shayi na bakin hanya suna ƙirga motoci, har suka zaɓi tata don mace ce.

"Ku ɗaure ta ku jefa ta gadon bayan kujera," in ji Bushaib. "In muka bar ta nan za ta tara mana jama'a. Ni zan yi gaba da ƙaramar mota. Kafin shingen jandarma akwai hanyar ƙasa ta hagu, can masu saye ke jira. Milud, ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Ittu ta dubi Milud daga sama har ƙasa. "Wannan ne zai tuƙa?"

"Shekara goma sha biyu ina sauka gangaren nan," in ji Milud yana murza gashin baki. "Sau biyu kullum."

"Da tasi. Wannan kusan tan talatin ce, ɗan'uwana, kuma kayanta masu rai ne, in ka karya kwana duk gefe ɗaya suke zubewa. Ka sa ta a giya ta uku ka bar ta nan. Ko me ya faru kada ka..."

Larbi ya kai mata gindin bindiga a kafaɗa. "Ji shegiya, ana ƙwace mata mota tana ba da darasi."

Suka ɗaure hannayenta ta gaba da igiyar raguna, suka cusa ta a gado. Ƙaramar motar Bushaib ta wuce. Tirela ta bi ta.

Kwanar farko lafiya. Ta biyu ma lafiya. Milud har ya soma fito, Larbi ya kunna taba ya ɗora ƙafa kan gaban mota. Ittu na kwance, kuncinta a kan bargo, tana sauraron injin kamar mai sauraron numfashin mara lafiya. Sai hanya ta miƙe, doguwa, mai santsi. Hannun Milud ya tafi kan giya da kansa, ya yi abin da yake yi kullum don tattalin mai. Ya sa ta a firi.

Injin ya yi shiru. Ittu ta ɗago kai.

"Mayar da ita. Mayar da giyar yanzu!"

"Kwanta, Lalla, ki huta. Haka muke yi."

Allurar gudu ta wuce hamsin. Ta wuce sittin. Kwana ta taso, Milud ya taka birki, motar ta ɗan rusuna, ragunan suka zube gefe guda da ƙara kamar rushewar katanga. Ya sake takawa. Ya sake. Wari ya cika ɗakin, warin ƙarfe da ya ƙone. Ya danna kuloci ya tura giya, ta yi ƙara ta tofo hannunsa. Ya sake turawa, ta ƙi.

"Ba ta shiga. Larbi, wallahi ba ta shiga."

"To taka birki mana, ɗan iska!"

"Ƙafata tana ƙasa!"

Milud ya laluba waya ya kira yayansa, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro. "Yaya, birki ya tafi. Yaya, me zan yi?" Can gaba ƙaramar motar ta ɗan rage gudu, kamar mai ita yana kallon madubi. Sannan ta ƙara wuta ta ɓace a kwana. Wayar ta mutu.

A ƙasan gangaren, Saje Bu'azza na tsaye a shinge yana duba takardun wata bas cike da masu tafiya gida Sallah. Motoci shida na layi a bayanta. Ƙaramar mota ta zo a guje ta tsaya, wani mai jallabiya ya leƙo yana haki.

"Ranka ya daɗe, ɓarayi sun ƙwace tirela a sama. Suna da bindiga, da idona na gan su. Ga su nan tafe."

Sajen ya ɗaga kai. Can a jikin dutse hayaƙi na saukowa kwana bayan kwana.

"Allah ya saka, Malam. Ba ni makullinka, ka tsaya gefe. Kai ne shaidarmu." Ya juya ga mutanensa. "Ku fitar da kowa daga bas ɗin nan!"

A cikin tirela allura ta taɓa tamanin. Larbi ya buɗe ƙofa, iska ta faɗo ciki. Ya dubi dutsen da ke wucewa, ya dubi Milud — ya yi tsalle. Ittu ta ji ƙarar, sau ɗaya. Ba ta nemi gani ba.

"Kwance ni."

Milud bai ji ta ba. Yana salati, hawaye na bin gashin bakinsa.

Ta miƙa hannayenta ta gefen fuskarsa. "Akwai wuƙa a aljihun ƙofa. Ni zan riƙe sitiyari. Kai, dube ni! Ina da 'ya a makarantar kwana a Marakesh, ranar Sallah take jirana. Ba a hannun direban tasi zan mutu ba. Yanke."

Ta kama sitiyarin da ɗaurarrun hannaye ta saman kafaɗarsa. Ya yanka igiyar, ya haɗa da fatar hannunta. Ya zame ya koma kujerar dama, ta faɗa mazauninta, ƙafarta babu takalmi.

Birki ba shi da sauran amfani, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta danna kuloci, ta taka totur har injin ya yi kururuwa, ta tura giya. Ta ƙi. Ta sake takawa, ta jira daidai amon da kunnenta ya sani, ta tura — ta shiga! Motar ta girgiza kamar an ja ta da sarƙa. Saba'in da biyar. Saba'in. Hanyar ƙasa ta hagu ta wuce kamar ƙiftawar ido.

Bai isa ba. Ta hango shingen, ta hango bas ɗin, mata na saukowa da yara da ƙullin kaya, wata tsohuwa ta maƙale a ƙofa. Hagu rami ne. Dama bangon dutse.

Ta san ragunan da ke gefen dama, da hannunta ta loda su. Ta san shekara tara maza na jiran ranar da za a ce motar Ittu ta faɗi. Ta cije leɓe.

"Janye ƙafarka daga ƙofa."

Ta kwantar da motar a jikin dutsen.

Ƙarfe ya yi ihu. Madubi ya tashi, ƙofar dama ta nannaɗe ta shigo ciki, Milud ya ƙwalla ƙara. Sitiyari na fizgar ta, ta rungume shi da ƙirji, ta ji wani abu ya karye a kafaɗarta, ba ta saki ba. Hamsin. Talatin. Tartsatsi, ƙura, kukan raguna. Ta ƙara danna ta a dutsen. Ta ƙara.

Tirela ta tsaya taku ashirin da bas.

Jandarmomi suka kewaye ta da bindigogi. Da suka zaro Milud, ƙafarsa ta dama ba ta da siffar ƙafa. Suna wucewa da shi ya hango mai jallabiya a gefen hanya, ya miƙa hannu.

"Yaya. Ashe ka jira ni."

"Ban san shi ba," in ji Bushaib. "Wallahi ban taɓa ganinsa ba."

Saje Bu'azza ya dubi wannan fuska, ya dubi waccan. Ya ciro ankwa.

Ittu ta sauko da kanta, hannun hagu na reto. Ba ta kalli kowa ba, ta zagaya gefen dama. Jini na ɗiga ta tsakanin ƙarafa, a ciki wasu na shure-shure. Ta juya ga mutanen bas.

"Wa ke da wuƙa? Duk mai wuƙa ya zo. Ku yanka su kafin su zama mushe."

Maza suka ɗage hannun riga, aka yi ta bisimilla a bakin kwalta har la'asar. Talatin da uku aka samu yankawa. Goma sha ɗaya sun riga wuƙa. An tsinci Larbi a kwana ta tara, bindigarsa na can cikin mota, ko sau ɗaya ba a harba ta ba. A Warzazat likitoci suka yanke ƙafar Milud daga gwiwa. Bushaib ya yi Sallarsa a bayan ƙarfe, da wasu Sallolin bayanta.

Amma wannan duk daga baya ne. A lokacin, motar asibiti na tsaye ƙofa a buɗe, sajen yana roƙon ta ta shiga.

"Lalla Ittu, kafaɗarki a karye take."

"Na sani. Waɗanda suka rage tun asuba ba su sha ruwa ba. A samo mini bokiti."

"Da wane hannu za ki ɗauka?"

Ta ɗaga na dama.