Gashin Ƙwan Ranar Lahadi

Ranar da Lubna ta fara ganin Jelani, saura ƙiris ta ɗauke shi daga ƙasa.

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar wata Talata ya shigo ɗakin gwajin jini na ƙaramin asibitin da take aiki a unguwar Gidan Dahala. Dogo ne, ya sha shadda ruwan toka, hula ta zauna daram. Ya miƙa hannu yana cika baki wai shi allura ba ta dame shi ba. Tana zare allurar ya kalli jininsa a kwalba, sai ido ya juye, bawan Allah ya sulale gefen kujera.

"Subhanallahi! Malam, ka ci wani abu kuwa?"

"Ai ku kunka ce kada a ci komai kafin gwajin suga," ya faɗa da ƙyar, gumi na keto masa.

Ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar roba. A ciki akwai yanka guda mai kusurwa huɗu, rawaya, da ɗigon kore da ja.

"Mi ne ne wanga?"

"Gasasshen ƙwai ne da soseji da ganye. Karin kumallona ne. Ci, Jarumi."

Ya cinye tas. Sunan kuma ya bi shi daga ranar.

Gwajin ya nuna lafiyarsa ƙalau. Dama tsoro ne ya kawo shi, don mahaifinsa, Malam Siddiƙu na Ƙofar Taramniya, ya daɗe yana fama da ciwon suga. Amma takardar sakamako mai layi uku sai da Jelani ya dawo sau uku a yi masa bayaninta. A na ukun Lubna ta ce, "Malam, takardar nan ba ta sauya ba fa." Ya sosa ƙeya ya nemi lambarta.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Malamar allura, Jarumi ne. Na iso gida ban faɗi a hanya ba. Ina neman izinin zuwa gaida Iya."

Ta amsa: "Ƙofar Kware, gidan marigayi Alhaji Bawa mai atamfa. Ka ci abinci kafin ka taho, ba mu da gadon asibiti."

Haka aka fara. Yana zuwa zance Alhamis da Asabar bayan la'asar. Ranar Lahadi kuwa ta ce masa kada ma ya ɓata man motarsa, don ranar girkinta ce.

Ba ƙwalisa ce ta koya wa Lubna wannan girki ba. Shekara biyu ke nan mahaifiyarta Iyatu ta samu shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ya daina aiki. Likita ya ce dole ta ci abinci mai gina jiki kafin maganin ƙarfe takwas, Lubna kuwa shida da rabi take fita aiki. Shi ya sa duk Lahadi take gasa tire guda ta yanka, rabi a firiji, rabi a wajen ƙanƙara, ta gode wa Allah da ya hore musu sola. Da safe Iyatu ta ɗora yanka ɗaya a kasko da hannun hagu, ta rage wutar gas, minti biyar ta karya.

Wata Asabar Jelani ya zo fuska ba walwala.

"Lubnata, Malam ya ƙi cin komai da safe. An hana shi koko da suga, an hana shi tuwon shinkafa, shi ko ya ce ba ya cin ganye sai ka ce akuya. Ko za ki ƙara da nashi?"

"Me zai hana? Amma ka faɗa wa Inno wadda ta yi, da abin da ke ciki."

"Zan faɗa, in sha Allahu."

Bai faɗa wa Inno, mahaifiyarsa, ba. Wane ɗa ne zai dubi uwarsa, a gidan malamai, ya ce ga girkin budurwata a ba Malam? Don kunya sai ya ce abincin masu suga ne ya samo a gari. Sati shida Inno na ɗumamawa, Malam na ci yana santi, suga na sauka. Har an tsayar da ranar da manyan Jelani za su zo wajen Baffa Mamman, ƙanen mahaifin Lubna, neman aure.

Sai Delu ta shigo zancen. Delu 'yar ƙanwar Inno ce, wadda dangi suka daɗe suna yi wa Jelani sha'awarta, ita ma ba ta ƙi ba. Ta samo lambar Lubna tana leƙen abin da take ɗorawa a waya. Ranar da ta ga hoton tire, an rubuta "ƙwai, soseji da alayyafo, na sati guda" a ƙasa, ta gane shi ne abincin da Malam ke ci, ko mayafi ba ta gyara ba ta nufi Ƙofar Taramniya.

Lubna na wurin aiki ranar Laraba saƙon ya iso:

"Lubnata, akwai matsala. Delu ta nuna wa Inno hoton girkinki, ta ce soseji naman Turawa ne, ba a san da mi aka yin shi ba, wai har da na alade. Malam ya ce sati shida ina ciyar da shi shubuha. Inno kuma ta ce ba ta yarda in auri macen da ka dafa abinci sau ɗaya a sati ta ba miji kwantai ba. An dakatar da zuwa wajen Baffa. Ki yi haƙuri."

Ta karanta sau biyu, zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Ta rubuta:

"Na ce ka faɗa musu, ka ce za ka faɗa. Da ka buɗe baki tun farko da ba a kai nan ba. Ina son ka, Jelani, wallahi ina son ka, amma ba zan shiga gida da sunan wadda ta ciyar da malami haram ba."

Bai ga "Jarumi" a saƙon ba, ya san abin ya kai inda ya kai. Ya kira har ya gaji, ba ta ɗauka ba. Da ta koma gida ta yi kukanta a ɗaki, ta wanke fuska kafin ta fito wajen Iya. Amma uwa ai ba a ɓoye mata, kafin Juma'a Iyatu ta ji komai.

Lahadi ta zo. Ɓacin rai ba ya hana ciwo neman abinci, don haka bayan azahar Lubna ta ɗaura zani ta hau aiki a tsakar gida. Ta fasa ƙwai goma sha biyu a kwano, ta kunna oban, ta ɗora tukunya. Tana cikin cuɗa niƙaƙƙen nama aka yi sallama.

Wata gajeriyar dattijuwa ce da farin mayafi, carbi a hannu ɗaya, leda a ɗayan. Cikin ledar Lubna ta hango robobinta uku, ko buɗe su ba a yi ba. Inno ce da kanta, ta zo mayar da kaya.

Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta. Da son ranta ne da ta shige ɗaka ta ja labule, kamar yadda kowace budurwa ke yi in ta ga uwar saurayi. To amma hannu duk nama, ƙwai a fashe, wuta na ci.

"Ci gaba da aikinki," in ji Iyatu daga kan tabarma. "Hajiya, bisimilla, ga wuri."

Aka gaisa, aka tambayi gida da jiki da zafin gari, kamar ba komai. Idon Inno dai na kan kwanon Lubna. Can ta kasa haƙuri.

"Ke ɗiyata, ina naman nan na Turawa da kika sa ma abincin?"

"Ga shi nan, Inno," Lubna ta ce, kai a sunkuye. "Ba na kanti ba ne, ni nake yi. Naman sa ne marar kitse, da tafarnuwa da citta da masoro da gishiri kaɗan. In na cuɗa sai in mulmula shi dogo-dogo, in turara, in yayyanka in soya sama-sama."

"Wa ka sai miki naman?"

"Badaru mahauci, na bakin masallacin unguwarmu. A gabana yake niƙawa."

Inno ta dakata da jan carbi. "Badaru ɗan Sarkin Fawa? Ai shi ka feɗe muna ragon layya."

Ta gyara zama. Ta ga an soya albasa da tattasai da karas. Ta ga an matse alayyafo sai da ruwan ya tsane, don kada ƙwan ya yi ruwa kafin sati. Aka shafa mai a tire, aka shimfiɗa nama da ganye, aka kaɗa ƙwai da madara rabin kofi aka kwarara a kai, aka tura oban.

"To, na ji na nama," in ji Inno. "Kwantan hwa? Yarinya da ƙarfinta da lafiyarta, ta rasa tashin safe ta hura wuta? Mu da munka yi zamani, ko jego ba ya hana mu dama koko."

Iyatu ce ta janye mayafi daga kafaɗarta. Hannun dama na kwance a cinya, ya rame, kuma daga wuyan hannun hagu zuwa gwiwa tabon ƙuna ne.

"Hajiya, ba ita ke da lalaci ba, ni ke da ciwo. Wanga tabo koko ne. Ta fita aiki, na ce bari in dama da hagu, tukunya ta kife mini. Tun ran nan ta rantse ba na ƙara ɗaga tukunya. Duk Lahadin duniya nan take wuni, ba biki, ba suna." Ta ɗan murmusa. "Kuma Hajiya, ɗumamen tuwon da anka rene mu da shi, a ranar aka tuƙa shi?"

Dariya ta so ƙwace wa Inno, ta danne da tari.

Bayan minti arba'in Lubna ta soka wuƙa a tsakiyar ƙwan, ta fito fes. Ta bar shi ya sha iska, ta yanka, ta kai wa baƙuwa a faranti. Inno ta yi bisimilla ta ci loma biyu.

"In kin yi aure, wa ka yi ma uwarki wanga?"

Tambayar da Lubna ke gudu ke nan tun ranar da Jelani ya ce yana son ta. Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinta, ta yi alkawarin dawowa gidan da zama, amma ita tuwo da miyar kuka kawai ta iya, oban kuwa tsoronsa take. Lubna ta ce, "Allah na nan, Inno," hawaye suka zubo.

Inno ta miƙe ta gyara mayafi. Ta nuna ledar da ta zo da ita.

"Waɗanga sun sha rana a hanya, a zubar. Wanke robobin ki zuba mini sabo. Kwana huɗu Malam bai karya da abin kirki ba."

Kafin magariba waya ta yi ƙara:

"Lubnata, Inno ta dawo ta yi wa Malam bayani. Ya ce yarinya ba ta da laifi, laifin na wanda ya ɓoye gaskiya ne. Na sha wa'azi awa guda a durƙushe. Ya ce in nemi gafararki kafin ta kowa. Ki yafe mini don Allah. Ban iya rayuwa babu ke."

Ta bar shi ya jira sai bayan ta idar da salla.

"Na yafe. Amma mutumin da ke tsoron allura, yana tsoron Inno, anya sunan nan ya dace kuwa? Allah ya kai mu Alhamis, Jarumi."

Manya suka je wajen Baffa Mamman, aka sa rana wata huɗu. Delu ta yi fushinta na sati biyu, daga baya da ita aka yi rabon katin gayyata. Aka ɗaura aure wata Asabar da hantsi a masallacin unguwa, Malam Siddiƙu da kansa ya yi addu'a, ya ja ta har ƙafafun mutane suka yi sanyi.

Abu ɗaya ne ya hana amarya sakewa. Kowa ya sani, a gidan su Jelani amarya ba ta taka gidan iyayenta sai ta yi wata shida a ɗakinta. Haka aka yi wa Inno, haka aka yi wa matan yayyensa. Lubna ta cika wajen ƙanƙara da abincin sati biyu, daga nan kuma ba ta san yadda za a yi ba. Ta rungume Iya ta yi kuka mai tsanani kafin a sa ta a mota.

Aka kai ta gaban uwar miji, ɗaki cike da dangi. Bayan nasihohi Inno ta ɗaga murya.

"Ku saurara, kowa ta ji da kunnenta, kada gobe in ji ƙananan maganganu. Mun yi shawara da Malam. Wagga amarya ba ta zaman wata shida. Duk Lahadi Jelani shi kai ta Ƙofar Kware da hantsi, shi ɗauko ta bayan la'asar. Kwana shida namu ne, Lahadi ta uwarta ce."

Wata gwaggo ta soma, "Amma Inno, al'adar gida..."

"Al'ada ba ta shan magani ƙarfe takwas," in ji Inno.

Lubna ta kife kai a cinyar surukarta, kukan daɗi ya ci ƙarfinta. Inno ta dafa kanta.

"Tashi, ɗiyata. Wadda ta riƙe uwarta haka, ban jin tsoron ba ta ɗana. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya, shi ba ku ɗiyan da za su yi muku abin da kika yi."

Ɗakin ya ɗauka da amin, guɗa ta tashi har waje inda ango ke tsaye yana jira.