Kaskon Hajiya Turai

A motar Kawo ya fara jin ƙamshin, tun kafin ya ga mai shi. Ba irin mai hawa kai ba ne, sanyi-sanyi ne kamar hodar jarirai da ɗan fure a ciki. Sharhabil ya waiwaya, sai ga Aziza da jakar ofis a cinya. Bawan Allah har ya wuce inda zai sauka!

"Don Allah baiwar Allah, wane turare ne wannan?"

"Na zuwa aiki ne kawai," ta ce tana kallon taga. "Ba ya damun kowa."

Shi kam ya dame shi. Kafin wata biyu ya haddace hanyar gidansu a Unguwar Dosa, yana kiranta Furena.

Mahaifiyarsa Hajiya Turai ta shekara talatin tana haɗa humra da turaren wuta. Ranar sunan ɗan ƙanwarsa Aziza ta je da ƙawarta. Hajiya ta ja Aziza ɗaki, ta ɗebo turaren da take ji da shi ta zuba a kasko, karramawar da ba kowa take yi wa ba. Hayaƙi na tashi Aziza ta toshe hanci da mayafi ta fita a guje, a gaban mata.

"Ni za ta toshe wa hanci? Ɗakina ne ke wari? Wallahi ba dai ɗana ba!" in ji Hajiya.

Ciwon asma ne da Aziza tun tana ƙarama, shi ya sa ba ta iya sa turare mai ƙarfi. Ta ɓoye ne don an taɓa fasa aurenta da dangin miji suka ji.

Sharhabil ya tura mata saƙo: "Furena, ki gaya min dalili ko mene ne. Na kasa cin abinci."

Ta amsa: "Ka bi maganar Hajiya. Ka yafe min."

Wata huɗu kenan ba shi ba ita. Ya rame, ya daina hira da kowa. Ita kuwa ta tura kwalbar turarenta ƙasan akwati, don da ta fesa sai kuka. Kai, soyayya ba ta da tausayi!

Da ta ji an fara yi masa maganar wata a Rigachikun, sai ta ga gara a ƙi ta a kan gaskiya. Ta je ta durƙusa gaban Hajiya, ta ajiye inhelarta, ɗan abin shaƙar maganin asma, a tabarma.

"Mama, ba raini ba ne. Numfashina ne ya ɗauke. Tsoro na ji ku ma ku guje ni."

Hajiya ta daɗe tana juya ɗan abin a hannu.

"Yanzu da kin yanke jiki kin faɗi a ɗakina fa? Ni da na ce karrama ki nake yi?" Ta jawo Aziza jikinta.

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Ranar kai amarya gwaggonnin ango suka shigo da kasko za su turara ta kamar yadda aka saba. Hajiya ta tare ƙofa, ta karɓe kaskon, ta juye masa ruwan buta.

"Haba Turai! Gidanki guda a kawo amarya ba hayaƙi?"

"Ku je ku faɗa a gari. 'Yata za ta yi numfashi. Allah ya ba su zaman lafiya."

Cikin lulluɓi Aziza ta ce amin, tana kuka.