Hannun Mai Cindo

"Murja, zo ki gani. Wannan hannun ba ki san shi ba?"

Shifa ce ta miƙo mata waya tana danne dariya. Falon Hajiya Rabi'a da ke unguwar Rusaifa a Makka cike yake da matan da suka zo walimar suna, ga gahawa ga dabino, amma tun da Murja ta cire takalmi ta lura hira ta mutu.

Ta karɓi wayar.

Tsohon hoton bidiyo ne, launinsa duk ya koɗe. Mata zaune a kan yashi suna kiɗan ƙwarya, mai garaya a gefe. A tsakiyar fili wata budurwa ta yi tsalle ta faɗo da zaune, irin faɗuwar 'yan bori. An dusashe fuskarta, ba a ganin ido ba a ganin baki. A kan kiɗan kuma muryar namiji ce ke tashi a natse: "Ku dubi irin shirkar da aka yi ta yi a ƙasarmu, 'yan'uwa..."

Muryar Luqman ce, wanda za ta aura. Ko daga barci aka tashe ta ba za ta kasa gane ta ba.

Sai budurwar ta ɗaga hannun dama, mai ɗaukar hoton ya matso da shi.

Yatsu shida.

"Subhanallahi," in ji wata tsohuwa daga kusurwa. "Da hannun nan aka wanke min gawar 'yata bara."

Hajiya Rabi'a, gwaggon Luqman, wadda ke tsaye masa a matsayin uwa a Makka, ta ajiye finjalinta a hankali.

"Ya binti, ki gaida Hajiya Yalwa. Ki ce mata maganar ɗaurin aure a dakata tukuna."

Murja ba ta san yadda ta sauko daga benen ba.

Wata uku ke nan da ta ba Luqman kaset ɗin da hannunta. Mahaifiyarta, Hajiya Yalwa, ta kusa shekara talatin a unguwar Jarwal. Duk matar Hausa da ta rasu daga nan har Rusaifa, ita ake bugo wa ta je ɗakin wankan gawa, ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Babu wanda ya san cewa kafin ta zo hajji ta tuba, wasu Turawa sun taɓa zuwa wajen Maraɗi a 1987 sun ɗauki fim ɗin bori, suka bar mata kwafi guda. Ta so ta ƙona shi sau da yawa, hannunta ya ƙi, domin cikin masu kiɗan ƙwaryar nan akwai tata uwar, kuma duk duniya babu wani hotonta sai wannan. Bidiyon gidan ya daɗe da mutuwa, kaset ya fara fumfuna.

Luqman kuwa ɗalibi ne daga Zariya, yana karatun digiri na biyu, yana da na'urar da yake juye tsofaffin kaset na wa'azin malamai yana sawa a shafinsa. Yaro ne mai kunya, mai tsabta, idan yana magana da Murja ƙasa yake kallo. Ya riga ya kawo shabka, sarƙar zinariyar da ake kai wa amarya, an sa rana bayan hajji.

"Amana ce, Luqman. Ko Ummi ba ta san na ɗauko ba. So nake in ba ta mamaki, ta ga fuskar innarta."

"Habibti, ni da ke akwai wannan? Idona ma zan kawar. In juye, in miƙo miki, shi ke nan."

Har hannu ya ɗora a ƙirji. Sau biyu ta tambaye shi daga baya, yana cewa na'urar ce ta sami matsala.

A gida ta tarar da Ummi zaune a kan sallaya, waya a gefenta, kife. An riga an turo mata.

"Ummi..."

"Ke kika ba shi?"

"Ni ce. Wallahi Ummi don ke na yi, don ki ga..."

"Na sani, ɗiyata. Tashi daga ƙasa."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Murja ciwo. Ta ɗago hannun daman ta duba ɗan yatsan da ke maƙale a jikin ƙaramin, kamar yau ta fara ganinsa.

"Shi bai san da shi ba. Ina zai sani, kullum da safar hannu nike hita gabanshi. Ya ruhe huska, ya zaci ya gama. Mata kau hannuna suka sani, don shi ad da aiki."

Mako guda wayar Ummi ba ta yi ƙara ba. Wata baiwar Allah ta rasu a bayan layinsu, maƙwabciya ta shekara goma sha biyar, sai daga bakin mai shago suka ji an kai ta Harami an yi mata salla. Ummi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Matar mai gidan da suke haya ta daina amsa sallamarsu a matattakala. A garin nan kuwa, idan aka fara haɗa sunan mace da aljanu, ba a san inda maganar za ta tsaya ba.

Luqman ya kira Murja sau ashirin da wani abu, ba ta ɗaga ba. Ran na takwas ya zo da kansa bayan la'asar, ya tsaya a bakin ƙofa, jallabiyarsa a yamutse.

"Murja, ki saurare ni minti biyar."

Ta buɗe ƙofar rabi, ta tsaya a bayanta.

"Na goge shi. Tun ranar na goge."

"Daga wayoyin matan Makka ma ka goge?"

"Shifa ce ta kwafa ta watsa a guruf ɗinsu. Kin san abin da take nema, kin san Gwaggo ita ta so in aura. Makirci ne, habibti."

"Shifa ce ta ɗora muryarka a kai?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ita ta buɗe kaset ɗin? Ita ta zauna ta zaɓi inda Ummi ta faɗi, ta yanka?"

"Ina haɗa darasi a kan shirka ne, ba ni da hoto ko ɗaya. Na ga wannan, na ce shekara talatin, wa zai gane? Na rufe fuskar, Murja. Niyyata wa'azi."

"Mutum nawa suka kalla?"

"Ba wannan ba ne..."

"Nawa?"

"Dubu tamanin," ya faɗa a hankali.

Ta san shafinsa. Wa'azin da ya fi kowanne tafiya a da bai kai dubu biyu ba. Kuma a yadda ya faɗi adadin, duk da kunyar da ke fuskarsa, ta ji wani ɗan alfahari a muryar da bai mutu ba tukuna.

"Na yi wa Gwaggo magana," ya ci gaba da sauri. "Na ce ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ke zan aura. Kuma na samo mafita. Zan rubuta cewa matar cikin fim ɗin wata ce daban, ta rasu tun tuni. Masu cindo suna da yawa a duniya."

"A'a."

Ummi ce daga bayan labule. Ba su ji fitowarta ba.

"Ni ce, Luqman. Ban yi ma Allah ƙarya ba ranar da na tuba, ba ni yi ma mutane yanzu. Wadda ta tambaye ni, in ce mata ni ce. Ni dai na yahe maka. Sauran tsakaninku ne."

Ta koma ciki.

Luqman ya share ido da hannun riga. Murja ta dube shi, ta ga mutumin da ya taɓa tsayawa awa biyu cikin rana a Jarwal don kawai ya miƙo mata maganin Ummi. Tana sonsa. Abin haushin ke nan, ko yanzu tana sonsa.

"Tayyib, na ji," ta ce. "Abu ɗaya nake so."

"Ko mene ne, ya ruhi."

"Ka kunna kyamararka. Ka zauna, fuskarka a buɗe, a wannan shafin. Kada ka ambaci sunan Ummi. Ka ce wata ta ba ka amanar kaset, ka rantse mata, ka ci amanar. Ka ce matar da kuka gani ta tuba tun kafin a haife ka, kai ne ka tona abin da Allah ya rufe. Ka yi wannan, gobe ma a ɗaura, ko gwaggonka ba ta zo ba."

Ya ɗan ja da baya.

"Murja... kin san yadda mutanenmu suke. Ɗalibin ilimi ya fito ya ce ya ci amana? Wa zai sake saurarona? Akwai masallacin da ke jira na a Zariya idan na gama. Ba don kaina ba, don da'awa..."

"Minti ɗaya ne."

"Bari in rubuta a rubuce. In ce an sami kuskure wajen tantance hoton. Ko in yi da murya kawai, ba sai an ga..."

"Ba sai an ga fuskarka ba."

"Ki fahimce ni."

"Na fahimce ka yau, wallahi."

Ta shiga ciki. Ya ji ƙarar durowa, ya ji takunta na dawowa. Ta miƙo masa jan akwatin shabka ta tsakanin ƙofar.

"Habibti, kada ki yi mana haka. Ki ba ni kwana biyu in yi istihara."

"Ranar da za ka saka Ummi a duniya ka yi istihara?"

Bai karɓa ba, sai ta sunkuya ta ajiye akwatin a kan takalminsa.

"Kaset ɗinmu ka ba mai shagon ƙasa, zan karɓa a wurinsa. Allah ya ba ka masallacinka, Luqman."

Ta tura ƙofar ta murɗa makulli. Ta jingina da ita tana jin numfashinsa a waje, tana jira. Da zai ce ya yarda, ko da muryar rawa ce, da ta buɗe. Ta ƙirga har ta daina ƙirgawa.

Abin da ta ji shi ne ƙarar ɗaukar akwatin, sannan takunsa yana sauka a matattakala, a hankali da farko, daga baya da sauri.

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ummi ta fito ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta jawo kanta ta ɗora a cinya.

"Ya tahi?"

"Ya tafi, Ummi. Har da sarƙar."

"To, yi kukanki. Ina nan."